Yadda Malam Zaharaddini Ya Nemi Kora

A Talata Mafara idan ka ce Malam Zaharaddini, sai a tambaye ka wanne. Idan ka ƙara da Mai Sikeli, ko mai tallar goro zai nuna maka lungun gidansa. Asalinsa mutumin Birnin Tudu ne ta ƙasar Bakura, ɗan manoma. Da ya gama sakandare ya gwada koyarwa wata bakwai, yara suka fi ƙarfinsa domin bai iya tsawa ba, sai ya tattara ya shigo Mafara. Nan ya samu aiki a injin casar shinkafa na wani attajiri, Alhaji Sufyanu na Maradun, aka zaunar da shi gaban sikeli. Shekara goma sha tara ya yi yana auna shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da manoman rafin Bakolori ke kawowa, ba a taɓa jin manomi ya ce an danne masa ko kilo ɗaya ba. Mutum ne siriri, mai magana a hankali, wanda idan ka taka masa ƙafa shi zai riga ka cewa yi haƙuri.

Matarsa Taiba ɗiyar mahauta ce, kuma ta gaji bakin gidansu. Ƙaninta Isma'ila yana da teburin nama a bakin kasuwa, kuma tun ranar da aka ɗaura aure yake tsokanar mijin yayar tasa, yana cewa an ba su suruki mai kama da sandar rake da aka riga aka tsotse.

Lokacin da injin ke kan ganiyarsa, ma'aikata sun haura talatin, har Alhaji ya yi musu rajista da wani kamfanin fansho mai ofis a Gusau. Kowane wata a yanki wani abu daga albashi a tura can. Malam Zaharaddini bai taɓa sa abin a ransa ba. Saƙo kan shigo wayarsa lokaci-lokaci, ya duba, ya ce Allah Ya kai mu tsufan.

Sai zamani ya juya. Hanyoyi suka lalace saboda 'yan bindiga, manoma da yawa suka daina kai wa gonakinsu na nesa, man dizal ya yi tashin gwauron zabi, injin ya yi shiru. Albashi ya fara zuwa rabi-rabi, daga baya ya ɗauke ɗif. Ma'aikata suka zame ɗaya bayan ɗaya ba sallama, wasu suka kama kabu-kabu, wasu suka tafi haƙar zinare. Manaja ya ce zai je suna Kaduna ya dawo jibi, har yau bai dawo ba. Malam Zaharaddini kaɗai ya rage. Kullum bakwai da rabi ya buɗe ƙofa, ya goge sikeli, ya sa hannu a littafin zuwa aiki, ya zauna har la'asar, ya sake sa hannu a wurin tashi. Wata goma sha huɗu yana haka. Abin da ke riƙe gidan shi ne ɗan hatsin da 'yan'uwansa ke aikowa daga Birnin Tudu, da ƙuli-ƙulin da Taiba ke yi.

Ana cikin haka maƙoƙon da Taiba ta daɗe tana ɓoyewa ƙarƙashin mayafi ya girma, har ya fara tsare mata numfashi idan ta kwanta. Likita a Sakkwato ya ce sai an yi aiki, ya rubuta kuɗin a takarda. Malam Zaharaddini ya sayar da babur ɗinsa da tumaki biyu, bai kai rabi ba. A motar dawowa ne ya tuna da saƙonnin nan na waya.

Ranar Litinin ya yi sammako zuwa Gusau. A ofishin fansho ya tarar da wata matashiya mai suna Hamdiyya a bayan kwamfuta. Bayan sun gaisa, ta tambayi gida da iyali da hanya, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Ta ce, "Malam, shekarunka arba'in da shida. Ba a buɗe asusun nan sai mutum ya kai hamsin. Amma wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, ana iya ba shi kashi ɗaya cikin huɗu."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni wata goma sha huɗu ke nan ban ga albashi ba."

"An sallame ka?"

"A'a."

"Ka ajiye aikin?"

"A'a. Ko yau sai da na biya na sa hannu kahin in hau mota."

Hamdiyya ta dube shi da tausayi. Ta ce, "To ai kai ma'aikaci ne, Malam. Rashin albashi daban, rashin aiki daban. Ka kawo takardar sallama mai hatimin kamfani, ko takardar da suka amince ka ajiye aiki. Daga ranar da aka rubuta ta za a fara ƙirga wata huɗun."

Ya ga abin mai sauƙi ne. Washegari ya nufi Maradun.

Alhaji Sufyanu dattijo ne mai fara'a, wanda arziki ya ja baya amma girman kai na alheri bai bar shi ba. Ya tarbi Malam Zaharaddini a zaure, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Mafara da mutanenta da yadda aka ji da zafi, aka kawo fura. Da aka natsa, Malam Zaharaddini ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, alfarma nika nema. So nike a kore ni."

Alhaji ya ajiye ludayi. Ya ce, "Subhanallahi. Wa ya ɓata maka rai?"

Ya kwashe labarin Taiba da na Gusau ya faɗa masa. Idon Alhaji ya kawo ruwa. Sannan ya ce, "Malam Zaharaddini, da ina da kuɗɗin ga, da yanzu ka tahi da su. Amma kora, ba ni iyawa. Ranar da mahaihiyata za ta cika, ta kama hannuna ta ce kada in taɓa cire abinci daga bakin wani. Na yi mata alkawari. Shekara talatin ina kasuwanci, ban taɓa koran ko mai shara ba."

"Ranka shi daɗe, ai babu abincin a bakin."

"Wannan daga Allah na. Amma ba da hannuna ba."

"To in rubuta na ajiye, ka sa hannu."

"In sa hannu cewa na yarda ka tahi? Ai kora ce ta sanya riga. Duk garin Maradun a ce Suhyanu ya rabu da mutum mai amana irinka? Sha hurarka."

Ya sha furar, domin bai iya ƙin abin da aka miƙo masa ba, ya dawo gida.

Da yamma Isma'ila ya shigo duba yayarsa, ya ji labari, ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ya ce, "Yaya Malam, abin ga ba wuya. Alkawarin Alhaji na mutanen kirki na. Ka zama mutumin banza ka gani in bai kore ka ba. Hwara da ƙin zuwa aiki."

Malam Zaharaddini ya zauna gida kwana tara. Bai taɓa shan wahala irin ta kwanakin nan ba. Bakwai da rabi na yi sai ya ji ƙafafunsa suna neman takalmi. A rana ta goma ya gane cewa babu wanda ya san bai je ba, domin shi ne mai duba littafin zuwa aiki. Ya koma ya rubuta wa kansa "bai zo ba" sau tara da jan biro, ya aika wa Alhaji littafin ta hannun wani direban motar Maradun. Alhaji ya maido da littafin tare da ƙwaryar zuma, da saƙon cewa Allah Ya ƙara sauƙi, lalle jiki ne ya hana shi.

Isma'ila ya ce, "To ka yi sata."

A injin babu abin da ya rage sai sikeli, wanda ƙarti shida ba su ɗaga shi, da wani agogon bango da ya tsaya. Malam Zaharaddini ya yi istigfari, ya cire agogon, ya rungumo shi ta tsakiyar kasuwa ranar Talata don kowa ya gani. Mutane suka riƙa yi masa sannu da aiki, wani ma ya nuna masa mai gyara. Da ya iso gida ya buga wa Alhaji waya, ya ce, "Ranka shi daɗe, na ɗauke agogon kamfani na kai gidana."

Alhaji ya ce, "Madalla. Da ma ina tunanin ɓarayi. Ka ga irin abin da nika hwaɗi game da kai."

Bayan kwana uku direban Maradun ya kawo ambulan. A ciki akwai takardar ƙarin girma: an naɗa Malam Zaharaddini manajan riƙo saboda kishin dukiyar kamfani. An haɗo da hatimi da makullin ofis. Ba a ambaci albashi ba.

Taiba ta karɓi takardar, ta juya ta, ta ce da muryarta da ta fara dishewa, "Malam, in ka ƙara wani laihin, ina jin injin gaba ɗaya za a ba ka."

Saura zagi. Isma'ila ya zaunar da shi ya koya masa kalmomi irin na mayanka, waɗanda Malam Zaharaddini ya riƙa maimaitawa a ransa tun daga tashar Mafara har Maradun. Aka ce Alhaji yana gonarsa ta Tsibiri, ya bi shi can. Ya tarar da shi ƙarƙashin mangwaro. Aka fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, yaya hanya, yaya muka ji da jama'a. Kafin a kai ƙarshenta duk zagin ya narke. Ya tattara ƙarfin da ya rage masa, ya ɗaga kai, ya ce, "Alhaji, hularka ta karkace."

Alhaji ya taɓa hular, ya cire ta, ya dube ta. Ya ce, "Shekara nawa ina yawo haka, ba wanda ya gaya mani gaskiya sai kai." Ya ɗora masa ita a ka, zanna ce mai tsada. Malam Zaharaddini ya dawo Mafara da hula.

Taiba ce ta ga mafita. Tana tankaɗe ta ce, "Wai ba manaja ne ke kora ba? Ga hatimi a aljihunka."

Ya rubuta takarda mai kyau, daga manajan riƙo zuwa ga mai sikeli, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya kai Gusau. Hamdiyya ta karanta sau biyu. Ta rufe baki da gefen hijabinta na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, mai kora da wanda aka kora suna ɗaya, sa hannu ɗaya. Idan na tura wannan sama, ni za a kora. Dole wani jami'in kamfanin ne daban zai sa hannu."

"Babu wani. Ni kaɗai na rage."

"Manaja ba ya ɗaukar ma'aikata?"

Ya ƙura mata ido. Ta mai da idonta kan kwamfuta ta ce ita ba ta ce komai ba.

Haka aka yi Isma'ila mahauci ya zama mataimakin manaja a injin casar shinkafa, da takarda da hatimi, a kan teburin nama, tsakanin tozo da kayan ciki. Malam Zaharaddini ya miƙa masa ragamar ofis a rubuce, sannan ya tsaya gabansa a matsayin mai sikeli. Isma'ila ya goge hannu a riga, ya ce shi ba zai kori mutum ba dalili ba, sai an jera laifuffuka. Ya sa aka rubuta cewa ma'aikacin yana da sanyin jiki, ba ya cin nama mai kitse ko an ba shi kyauta, kuma shekara ashirin da suka wuce ya kawo lefe babu turmin atamfa ko ɗaya mai daraja. Malam Zaharaddini, wanda shi ke riƙe da biron, ya roƙi a cire zancen lefe. Isma'ila ya ce ma'aikaci ba ya gaya wa shugaba abin da zai rubuta. Da ƙyar Taiba ta sa baki aka tsaya a kan "rage ma'aikata".

Da aka buga hatimin, Malam Zaharaddini ya ninke takardar ya sa a aljihu. Abin da ya yi wata biyu yana nema ke nan, amma bai nufi gida da ita ba. Ya bi ta gaban injin, ya tsaya bakin ƙofa, bai shiga ba.

Hamdiyya ta karɓi takardar ta ce ta yi. Saura wata huɗu, kuma kada ya kuskura ya karɓi aikin albashi a ko'ina kafin su cika. Taiba ta ce, "A gaya wa maƙoƙon, shi bai san ƙa'ida ba." Tana shan maganin da likita ya rubuta, tana barci a jingine da bango.

Wata uku da kwana goma sha ɗaya suka wuce lafiya. Sai wani ɗan kwangila daga Kebbi ya zo ya yi hayar injin na shekara biyu, ya kawo dizal da manyan motoci cike da shanshera, ya ce zai biya albashi a hannu. Alhaji ya taso da kansa daga Maradun, fuska cike da annuri, ya ce a kira masa manaja. Aka kira Isma'ila, ya zo da wuƙa a ɗamara.

Da aka warware wa Alhaji yadda aka yi, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "To, ni dai ban kori kowa ba, alkawarina na nan. Malam Zaharaddini, koma kan sikelinka yau."

Malam Zaharaddini ya durƙusa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi mani haƙuri. Ina da sauran kwana goma sha tara na rashin aiki."

"To wanga mai wuƙa hwa?"

"Ma'aikacinka na, ranka shi daɗe. Da takardarshi."

Alhaji ya dubi Isma'ila, ya dubi sama, ya ce, "Shi ke nan. Shi ma ba ni koran shi."

Kwana goma sha tara aka yi a Mafara ana abin da har yanzu ake ba da labari. Isma'ila yana gaban sikeli, ba ya duba lamba, sai ya daki buhu da tafin hannu ya ce wannan ya yi tamanin, kamar yana taya bijimin sa a kasuwar kara. Manoma suna rantsuwa, ɗan kwangila yana kiran Alhaji a waya. Shi kuwa Malam Zaharaddini yana tsare teburin nama kyauta don kada sana'ar surukinsa ta mutu. Bai iya yanka ba, bai iya ciniki ba. Duk matar da ta ce Malam ƙara mani, sai ya ƙara. Kafin azahar nama ya ƙare, kuɗi ba su kai na san da aka yanka ba. Idan rigima ta yi tsanani a injin, sai a aiko a tambaye shi, ya ce shi ba ma'aikaci ba ne, amma da a ce wani ya nemi shawararsa a matsayin maƙwabci, da ya ce a duba ƙaramar allurar nan ta hagu. Taiba tana jin labari tana dariya tana riƙe wuya, tana cewa su bari, za su kashe ta kafin likita ya gan ta.

Ranar da wata huɗu suka cika ya kai sauran takardu Gusau. Aka ce hotonsa ya tsufa, ya sake. Aka ce a wani wuri an rubuta Zaharaddeen, a wani Zaharaddini, ya je kotu ya yi rantsuwa cewa duka shi ne. Bayan mako bakwai, yana alwalar azahar, wayarsa ta yi ƙara. Kuɗin sun shigo, amma ba su kai yadda ya zata ba, domin ashe shekaru uku na ƙarshe ana yanka a albashi ba a turawa. Ya kira Alhaji, Alhaji ya ce manajan da ya tafi suna Kaduna ne ya san wannan zance. A Sakkwato kuma kuɗin aiki ya ƙaru a cikin watannin da aka yi ana jira.

Yana zaune a zaure da takardar asibiti a hannu Isma'ila ya shigo, ya ajiye masa ambulan a cinya. Albashin Isma'ila ne na manaja, na wata biyu, bai taɓa ko sisi ba. Ya ce, "Yaya Malam, kujerarka ta haihu. Ni dai zama na yi a kanta." Malam Zaharaddini ya buɗe baki zai yi godiya, Isma'ila ya ce idan ya yi masa kuka a nan zai rubuta a fayil ɗinsa.

An yi wa Taiba aiki ranar wata Laraba, aka yi nasara. Likita ya hana ta yawan magana har mako biyu, abin da ta ce ya fi yankan ciwo. Malam Zaharaddini ya koma kan sikeli a matsayin sabon ma'aikaci, da takardar ɗauka mai sa hannun Isma'ila, wanda ya dage sai ya yi wata uku na gwaji tukuna. Isma'ila ya koma teburinsa, amma har yau shi ne manaja a takarda, yana leƙowa ranar Alhamis ya zagaya da hannu a baya. Hamdiyya ta gaya wa Malam Zaharaddini cewa wannan rubu'in sau ɗaya ake ɗauka, sauran sai ya cika hamsin, kuma abin da zai riƙa samu a tsufa ya ragu. Ya ce ya ji, kuma da za a sake, haka zai yi.

Labari ya bazu. Tsofaffin ma'aikatan injin, waɗanda suka zame ba sallama, suka gano cewa su ma har yanzu ma'aikata ne a takarda. Suka fara zuwa teburin Isma'ila ranar Talata bayan kasuwa ta lafa, suna layi, kowa yana roƙon a kore shi. Isma'ila yana sa hannu, Malam Zaharaddini yana rubutawa, kuma ba ya yarda a sa wa kowa laifi. Mutum goma sha ɗaya suka sallama a wata guda.

A cikin masu layin har da wani dattijo daga Ruwan Gizo, wanda ya taka da ƙafa tun safe. Malam Zaharaddini ya duba tsohon littafi daga farko har ƙarshe bai ga sunansa ba. Ya ce, "Baba, wace shekara ka yi aiki da mu?"

Dattijon ya ce bai taɓa yi ba. Shi manomi ne, an dai gaya masa a nan ake korar mutum gwamnati ta ba shi kuɗi. Rufin ɗakinsa ne ya zube.

Malam Zaharaddini ya jawo masa benci, ya zauna kusa da shi, ya yi masa bayani a hankali tun daga yankan albashi har zuwa ofishin Gusau. Dattijon ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Da aka gama ya ce, "Na gane, ɗana. To ku ɗauke ni yau, in ya so mako mai zuwa ku kore ni."

Isma'ila ya juya baya yana gyara wuƙaƙe, kafaɗunsa na rawa. Malam Zaharaddini bai yi dariya ba. Ya sa aka ƙunsa wa dattijon hanta da ɗan tumbi, ya cire kuɗin mota daga aljihunsa, ya raka shi har tasha, a hanya yana tambayarsa kwanon rufi nawa ɗakin zai ci.